Makullin Auta a Aljihun Yaya

Ni na raba kwaɗunan, don haka na san yadda suka zo. Jajaye ne, kowanne cikin 'yar ledarsa, kowanne da makulli uku a zobe ɗaya. Manaja ta aiko da kwalin sito, ta ce in ba duk wanda aikinsa ke kai shi cikin inji. Na yage leda na miƙa wa kowa nasa yadda ya zo daga kanti. Ban tsaya tunanin makullan ba. Ita ma ba ta tsaya ba.

Abincin kaji muke yi. Masara, dusa, waken suya da garin ƙashi, a niƙa, a gauraya, a ɗura a buhu. Ni ce mai sito. Yayanmu shi ne heluma, duk leburori a hannunsa suke. Ƙanenmu Auta shi ne mai shiga Tukunya.

Tukunya muke kiran injin gauraya. Ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe a kwance, da sanda a tsakiyarta mai fukafukai, kowanne ya kai tsawon hannun mutum. Duk lokacin da za a sauya daga abincin masu ƙwai zuwa na 'yan tsaki sai an kankare cikinta tas, don abin da ke gyara babbar kaza yana iya kashe ƙarama. Ƙofarta a sama take, kuma ƙarama ce. Auta kaɗai kafaɗarsa ke wucewa ba tare da ya bar fata a bakin ƙarfe ba. Ya haura talatin, da matarsa da 'yarsa, amma har yau in ya juya gefe sai ka neme shi.

Makunnin Tukunya ba kusa da ita yake ba. Yana ɗakin wuta, bayan bango, sai ka fita fili ka zagaya. Wanda ke gaban makunnin ba ya ganin Tukunya, ba ya jin wanda ke cikinta. A da, in Auta zai shiga, sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, na shiga." A ce, "Allah ya fito da kai." Iyakar tsarin ke nan.

Manaja ta ce addu'ar tana da kyau, amma a haɗa mata da kwaɗo. Ta sa Mai Wuta, mai kula da lantarkinmu, ya ɗaura wa hannun makunnin wani ɗan ƙarfe mai huji-huji. Mai shiga inji zai sauke hannun da kansa, ya rataya kwaɗonsa ya datse, ya jefa makulli a aljihu. In mutum biyu ne, kwaɗo biyu. Hannun ba zai ɗagu ba sai kowa ya fito ya buɗe nasa.

"Ran kowa a aljihunsa," in ji ta.

Na zaci za a yi gardama. Ba a yi ba. Maza suna son abin ratayawa a ƙugu. Wani ya ɗaura wa nasa zare, wani ya zana masa alama da ƙusa. Mai Sikeli, wanda ko kusa da inji ba ya zuwa, ya zo sito yana roƙo a ba shi nasa. Maganar Manaja ta koma gaisuwa. Da safe sai ka ji, "Ina ranka?" a amsa, "Yana aljihu." In baƙi suka zo, ɗakin wuta take fara kai su.

Wata Laraba da hantsi ina ƙofar sito ana sauke dusa, na ga Auta ya sauko daga tsani, fari fat da gari, waya a kunne. Cikin Tukunya ba a jin magana, sai ya fito fili yana kai da kawowa. Matarsa ce, a kan takalmin makarantar 'yarsu. Ya gama ya koma. Ban sake bi ta kansa ba sai da na ji Tukunya ta yi gurnanin tashi, sannan wata ƙara kamar an karya ƙashi.

Muka ruga. Auta yana saman tsani, ƙafa ɗaya a bakin ƙofar, ɗayar a matakala. Da bai tsaya mayar da waya aljihu ba, da yana ciki. Makankarinsa da ya bari a ciki ne ya yi ƙarar. Da Mai Wuta ya kashe injin aka zaro shi, ya nannaɗe kamar igiya.

Auta ya sauko a hankali. Ba a gane ko fuskarsa ta canza, gari ya riga ya rufe ta. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya dube shi.

"Ga shi kuwa," ya ce, ba da kowa ba.

A ɗakin wuta muka tarar da kwaɗonsa a buɗe, an rataye shi a ƙusa bayan ƙofa, tsaf, kamar hular baƙo. Ba a fasa shi ba, ba a yanka shi ba.

Tsoro bai zo mini a lokacin ba, sai da yamma ina wanke hannu. A lokacin tambaya ce ta cika mini kai. Ta yaya?

Manaja ta ɗauka kwaɗon jabu ne. Ta sa Mai Wuta ya gwada makullan mutane ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya juya. Sai ta dubi Auta.

"Da makulli nawa ya zo?"

"Uku, ranki ya daɗe."

"Ina sauran?"

"Ɗaya na gida, cikin gwangwanin allurar mai ɗakina."

"Ɗayan fa?"

Auta ya shiga nazarin takalminsa. Na san wannan shirun. Shi yake yi tun yana ƙarami in na gaba da shi ne ya yi ɓarna. Na waiga ban ga Yaya ba. Aka ce ya hau babur ya tafi duba motar masara da ta lalace a hanya.

Wani abu kuma na gani. Lokacin da Mai Wuta ke gwaji, zoben da ya ciro daga ƙugunsa cike yake da 'yan ƙananan makullai iri ɗaya. Da aka tashi cin abinci na tare shi a inuwar tanki.

"Mai Wuta, kwaɗo nawa na ba ka?"

"Ɗaya mana, Mai Sito."

"To waɗannan 'ya'yan wane ne?"

Ya yi dariya ya baje su a tafin hannu, kamar mai nuna hoton jikoki. "Wannan na Mai Walda ne. Wannan na Gajere. Wannan na Baban Biyu, shi har gida ya bi ni ya kai mini."

"Na mene ne?"

"Amana."

"Amanar me?"

"Kin manta makon farko? Gajere ya kulle injin niƙa, aka yi masa waya an yi rasuwa a garinsu, ya tafi da ransa a aljihu. Sai da muka sa zarto. Da ya dawo Heluma ya wanke shi tas a gaban kowa. Tun daga nan kowa ya nemi wanda zai riƙe masa ɗaya, saboda rana irin wannan." Ya rage murya. "Kuma ba kowa ake ba ba. Kin ga Mai Sikeli? Ko mutum ɗaya bai ba shi ba. Ya daina amsa gaisuwarmu."

Na bar abincina na shiga zagaye. Ba wanda ya ɓoye mini, alfahari ma suke yi. Mai ɗinkin buhu yana riƙe da na direban kamfani. Direban yana riƙe da na wani lebura da yake neman ƙanwarsa, wai da makullin aka fara buɗe maganar. Wasu biyu da suka yi faɗa a kan wurin ajiye keke, kowa ya mayar wa ɗan'uwansa nasa a gaban shaidu, kamar sakin aure. Na yi shekara da shekaru a kamfanin ban san wa ke ƙaunar wa ba sai ranar. Makullin ya zama mudun auna mutum. Kuma duk wanda na tambaya wa ya fi kowa yawan makullan amana, amsa ɗaya ce.

"Wa kuwa, in ba Heluma ba?"

Bayan azahar Yaya ya dawo. Tun a bakin ƙofa aka gaya masa. Bai ko kafe babur ɗin da kyau ba ya nufi Auta, ya kama kansa, ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga hannuwansa yana dubawa kamar mai sayen rago. Da ya tabbatar komai na nan, ya juya wajen Manaja.

"Ni na buɗe."

Ba rawar murya, ba sunkuyar da kai.

"Na gan shi a fili yana waya. Na ce, Auta, ka gama? Ya ɗaga mini hannu."

"Cewa na yi ina zuwa, Yaya," in ji Auta, can ƙasa.

"Hannu dai ka ɗaga. Ni kuma fita zan yi, ga masu zuba gari a tsaye. Na ce bari in hutar da shi zagaye." Ya dubi Manaja. "Ranki ya daɗe, yaron nan a kafaɗata ya yi wayo. Ni zan niƙa shi?"

"Ba wanda ya ce ka yi niyya, Heluma," ta ce. "Tukunya ba ta tambayar niyya."

Gaskiya ya faɗa a kan kafaɗar. Da mahaifinmu ya rasu Yaya ya bar makaranta ya shiga dako. Auta bai iya tafiya ba tukuna. Ni da shi duk Yaya ne ya sama mana aiki a nan. Ko auren Auta, shi ya zauna a mazaunin uba.

Na gaya wa Manaja abin da na gano. Ta ce in kawo bokiti. Ta ajiye shi a tsakiyar fili. Duk wanda ke riƙe da makullin wani, ko nasa na biyu da na uku, ya jefa. Na gida a kawo gobe. Daga yau duk wanda aka kama da makullin da ba nasa ba, ya ɗauki jakarsa.

Aka yi layi kamar na gaisuwar mutuwa. Ƙwal, ƙwal, makullai na faɗawa. Mai Sikeli kaɗai ke murmushi. Yaya ya fi kowa daɗewa, yana ɓamɓaro su daga zobe da farcen babban yatsa, yana kiran sunan mai kowanne kafin ya saki. Na Auta ne na ƙarshe. Wannan bai kira suna ba. Mai Walda ya narka su duka suka zama dunƙule ɗaya, Manaja ta ɗora a teburinta tana danne takardu.

A wurinta magana ta ƙare. A gidanmu ta fara.

Yaya ya daina ɗauko Auta a babur da safe. Ya daina cin abinci da shi a kwano ɗaya. In zai ba shi aiki sai ya ce, "Malam Auta, in ka sami sarari." Bai zage shi ba, bai ɗaga masa murya ba. Auta ya rame, shi da ba shi da abin ramewa.

Sai wata safiya na gan su sun shigo tare a babur, Auta a baya yana dariya har da dukan cinya. Na ji daɗi, ban tambayi dalili ba. Dalilin ne ya same ni da kansa, da na tsaya wajen mai yankan makulli na bakin layinmu zan yanka na kabad ɗin sito.

"Shekaranjiya ƙanenki ya zo," ya ce yana goga ƙarfe. "Da wani ɗan makulli kamar haƙorin ɓera. Na ce akwatin me wannan, na zinariya? Ya ce ya fi zinariya."

"Nawa ka yanka masa?"

"Ɗaya. Ya ce kyauta zai yi."

Ranar hutu na je gidan Auta. Na same shi a tsakar gida yana ɗaure wa 'yarsa sarƙar keke. Matarsa na ɗaki tana guga. Na kori yarinyar da aike, na zauna a kan turmi.

"Ashe ka mayar wa Yaya makulli."

"Anti, rage murya."

"Roƙonka ya yi?"

"Yaya yana roƙo ne? Kallona kawai ya daina yi."

"Shi ne ka yanka masa ranka ka kai masa."

"Ya ce ba zai taɓa ba."

"In ba zai taɓa ba, me zai yi da shi?"

"Ya riƙe."

"Ya riƙe ya yi me?"

"Ya riƙe kawai, Anti. Ke ba ki gane ba." Ya goge baƙin mai a wandonsa. "Kin ɗauka ba na tsoro? Ba ki taɓa shiga Tukunya ba. Duhu ne, ga fukafukan nan a wuyanka, a cinyarka. Tun ranar, ko tsaki wani ya yi a waje sai na ji shi a ƙashin bayana. Amma in je in tsaya gaban Yaya in ce ba ni makullina? Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin abinci da shi."

"Shi ya fara sa mini abinci a cikinsa."

Matarsa ta leƙo. "Anti, me ake ƙus-ƙus?"

"Sarƙar keke," in ji Auta.

Daga nan na wuce gidan Yaya. Akwai abin da na gani ranar bokiti da yake ta yi mini yawo a kai. Yaya ma yana da jan kwaɗo, don yakan shiga injin niƙa in ya cushe. Ranar, bayan ya gama da na mutane, daga zobensa ya ciro nasa guda biyu ya jefa. Duka biyun a jikinsa suke.

Na same shi yana wanke babur. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, na riƙe masa buta.

"Yaya, kai wa ka ba naka?"

"Nawa me?"

"Makulli. Lokacin da kowa ke bayarwa."

"Ba kowa."

"Me ya sa?"

"Wa zan ba? Duk 'yan gaggawa ne. Mutum ya ga mota na jira hankalinsa ya tashi."

"Ni fa? Da ka ba ni."

"Ke me ya haɗa ki da ɗakin wuta?"

"To Auta."

Ya matse tsumma ya ci gaba da goge taya. Ya goge inda ya riga ya goge.

"Ta Tsakiya," ya ce, "tun kina ƙarama bakinki ya fi ki girma."

"Na san ya yanka maka."

"Yaro ya kawo mini abu da hannunsa, in ce ba na so? In kin ga dama ki je ki faɗa wa Manajarki. Zuba ruwa nan."

Na zuba. A hanyar gida na auna maganar. In na faɗa, Yaya zai ɗauki jakarsa, Auta ba zai sake kallona ba, kuma mai yankan makulli yana nan a bakin layi kullum, har ranar hutu. In na yi shiru, nan da kwana kaɗan za a sauya zuwa abincin 'yan tsaki, Auta zai shiga. Na kwana biyu ina juyawa ban sami gefen kwanciya ba.

Ranar kankara da safe Auta ya zo sito karɓar sabon makankari. Na miƙa masa. Bai tafi ba. Ya waiga, sannan ya ciro wani abu daga aljihu ya ajiye a teburina. Ɗan kwaɗo ne ruwan ɗorawa, irin na kasuwa da ake kulle akwatin tafiya.

"Hujin ƙarfen makunnin nan da yawa," ya ce. "Ba a ce mutum ɗaya ba zai rataya biyu ba."

"Yaya ya sani?"

"Yaya yana da makullinsa. Ban karɓa ba, ba zan karɓa ba."

Shi ma da uku ya zo. Ya cire ɗaya ya jefa a aljihu, ya turo mini biyun da yatsa.

"Anti, riƙe mini."

Abin mamaki, daɗi na ji. Ƙanena ya duba duk kamfanin nan, ni ya zaɓa. A take na gane fuskar Mai Wuta a inuwar tanki, na gane layin bokiti. Har hannuna ya kai bakin jaka.

Akwai guntun ƙarfen dogo a ƙofar sito da muke miƙar da ƙusa a kai. Na ɗora su, na ɗauko guduma.

"Haba Anti, sababbi ne fa!"

Na buga har suka zama kamar ganye. Na miƙa masa.

"Ga su, kai wa 'yarka ta yi wasa."

Ya dube su, ya dube ni. "Ke da Yaya duk halinku ɗaya, ba ku iya karɓar kyauta ba. Shi ba ya mayarwa, ke ba kya ajiyewa." Ya ɗauki makankarinsa ya nufi ɗakin wuta.

Kafin hantsi wata babbar mota ta shigo daga wata gonar kaji mai nisa. Direban bai kashe ta ba. Ya sauko yana faɗa tun kafin a gaishe shi: tsakinsu sun kwana da yunwa, an ce masa kaya a shirye, shi ba zai yi tafiyar dare saboda ragwancin wasu ba. Yaya yana ba shi haƙuri yana duban Tukunya. Daga ciki ana jin makankari, ƙar, ƙar, ƙar.

Can sai ƙarar ta tsaya. Auta ya fito, ya sauko, ya cire ƙyallen hancinsa, ya nufi famfo. Ya sunkuya ya tara kai, yana wanke fuska da wuya. Haka yake yi in ya gama. Amma ni ina kusa, na ga yana murza ido ɗaya, gari ne ya faɗa masa. Kuma hannunsa babu makankari.

Yaya na can nesa wajen motar. Ya dubi bayan Auta. Ya dubi direban, wanda ya koma ya danna ham. Ya sake duban Auta. Sai ya juya ya bi ta bayan bango.

Na bi shi. Ban yi gudu ba, ina so in gani.

Na tsaya a ƙofar ɗakin wuta. Ya riga ya buɗe jan kwaɗon, yana riƙe da shi a hagu, damansa a kan hannun makunni. Ya tura, hannun ya ƙi. Ya sake turawa. Sai ya sunkuya ya duba. Ya kama ɗan kwaɗon da yatsa biyu, ya juya shi, ya leƙa ƙasansa kamar za a rubuta masa bayani a wurin.

"Na wane ne?" ya ce, bai waiwayo ba.

"Na Auta."

"Ke kika sa shi."

"Shi ya sayo abinsa."

"Wa ke riƙe da ɗayan?"

"Ba kowa."

"Ke ma?"

"Ni ma."

Ya miƙe. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sai zumar wayoyi a bango.

"Ai ya gama," ya ce. "Na gan shi a famfo yana wanka."

"Mu je mu gani."

Ya mayar da jan kwaɗon a hujinsa, ya datse, ya ja shi sau biyu ya tabbatar ya kama. Ya wuce ni ya fita, na bi bayansa muka zagaya.

Babu kowa a famfo, ruwa kawai ke ɗiga. Tsani na jingine a inda yake. Daga cikin Tukunya, ƙar, ƙar, ƙar.

Yaya ya tsaya yana saurare. Ban ga fuskarsa ba, bayansa na gani, da wuyansa da ya jiƙe. Ya daɗe a haka har direban ya sake danna ham. Sai ya matsa ya daki cikin Tukunya da tafin hannu, ta amsa kamar ganga.

"Kai, mai kwaɗo biyu!"

Kankarar ta tsaya. Muryar Auta ta fito a shaƙe. "Na'am, Yaya."

"In ka gama ka zo ka buɗe kayanka da kanka. Ni ba ɗan aikenka ba ne."

"To, Yaya."

"Kuma ka kankare kusurwar baya da kyau. Wancan karon ka bar gari."

"To, Yaya."

Makankari ya ci gaba. Yaya ya nufi motar. Direban ya leƙo ta taga ya buɗe baki, Yaya ya riga shi.

"Kashe motarka, malam, kada ka ƙona mai a banza. Akwai mutum a ciki."

"Mutum a ciki! Ni na sa shi? Tun safe nake jin mutum a ciki! Sai yaushe zai fito?"

"Sai ya fito."

Direban ya sauko ya fara daga kan Yaya, ya bi ta kan Manaja, ya haɗa da kamfanin da duk wanda ya taɓa cin ƙwansa. Leburori suka ajiye buhu suna kallo, don ba su taɓa ganin an zagi Heluma ya yi shiru ba. Yaya ya harɗe hannuwa a baya, ya tsaya a rana tsakanin motar da hanyar ɗakin wuta, yana shanyewa.